Cire Tumbi Kafin Ciwo Ya Bayyana: Sharhi Kan Sankarar da Ake Gada

 

A ce yau likita ya zaunar da kai, kana ɗan shekara 25, ko ciwon kai ba ka yi, daren jiya ma ka ci tuwonka ka suɗe kwano, sai ya ce shawarar da zai ba ka ita ce a shiga da kai ɗakin tiyata a cire maka tumbi. Ba wani yanki nasa ba, dukansa. Ka ce, "Likita, me ka gani a ciki?" Ya ce, "Ban ga komai ba. Kuma ko da akwai, ba lallai ne in gani ba." Wace amsa za ka ba shi?

Akwai mutanen da aka yi wa wannan magana da gaske, a Niyu Zilan da Kanada da Amurka da ƙasashen Turai, kuma da yawansu sun ce a cire. Ba taɓin hankali gare su ba, ba kuma gajiya suka yi da duniya ba. Mutane ne da suka binne uwa, suka binne kawu, suka binne wa da ƙani, dukansu da ciwo iri ɗaya, sannan gwajin jini ya nuna cewa abin da ya ɗauke waɗancan yana jikinsu su ma.

Labarin ya faro ne daga wani babban dangi na ƙabilar Maori, 'yan asalin ƙasar Niyu Zilan, mazauna yankin Tauranga a bakin teku. Cikin kimanin shekara 30 dangin nan ya rasa mutum 25 sanadiyyar sankarar tumbi. Ita sankarar tumbi, a kusan ko'ina, ciwon manya ce, galibi sai mutum ya haura sittin. Amma su waɗannan, yawancin waɗanda suka rasu ko arba'in ba su kai ba, mafi ƙanƙanta a cikinsu shekara 14. Yaro ya taso ya ga ana zaman makoki a gidansu bana, baɗi ma a yi, kuma kowane mamaci da irin ramar da wanda ya riga shi ya yi. Wasu daga cikin dangin suka ɗauka baki ne ya kama su, la'ana ce ke bin zuri'a. Ni ban ga laifinsu ba. Mu ma nan, da haka ta faru a wani gida, kafin a ambaci asibiti an ambaci sammu, an ambaci jifa, an fara duban kishiya ko maƙwabci da wani ido.

Wadda ta ƙi tsayawa a nan wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar dangin, Maybelle McLeod. A tsakiyar shekarun 1990 ita da wasu 'yan uwanta suka nemi masanan Jami'ar Otago da ke birnin Dunedin, can kudancin ƙasar. A lura da kyau: ba masanan ne suka tafi neman dangin ba, dangin ne suka tafi neman masanan. Kuma ba hannu rabbana suka je ba. Maori mutane ne masu riƙe salsala, suna ƙirga kakanni har nesa. Da wannan aka fara. Aka bi gida-gida ana tambayar wa ya haifi wa, wa ya rasu, yana da shekara nawa, da wane ciwo. Aka tono takardun asibiti. Aka lallashi 'yan uwa su ba da jini, abin da ba shi da sauƙi a wurin mutanen da ke girmama jiki da duk abin da ya fito daga cikinsa, waɗanda kuma tarihi ya koya musu yin kaffa-kaffa da hukumomin Turawa. Dangin suka tsaya kan cewa su abokan aiki ne a binciken, ba kayan gwaji ba.

Masanin da ya jagoranci aikin a jami'a shi ne Parry Guilford. A 1998 sakamakon ya fito a mujallar kimiyya ta Nature. Aka gano cewa matsalar tana cikin wata ƙwayar gado guda ɗaya da ake kira CDH1.

Bari in sauƙaƙa bayanin. Kowane ɗan Adam yana ɗauke da umarnin ginin jikinsa a cikin ƙwayoyin halittarsa, kwafi bibbiyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Shi wannan CDH1 aikinsa shi ne sa jiki ya samar da wani sinadari mai suna E-cadherin, wanda ke manne ƙwayoyin fatar cikin tumbi da junansu, kowace ta tsaya a mazauninta. Wanda ya gaji gurɓataccen kwafi ɗaya yana nan lafiya lau, domin ɗaya kwafin yana riƙe da aikin. Amma ranar da wannan na biyun ya daina aiki a cikin wata ƙwaya guda, sai ta saki 'yan uwanta, ta sulale, ta fara yaɗuwa yadda ta ga dama.

A nan ne sharrin ciwon yake. Tun 1965 wani likita ɗan ƙasar Finlan, Pekka Lauren, ya raba sankarar tumbi gida biyu. Akwai mai taruwa wuri ɗaya ta yi ƙari ko gyambo, wadda idan aka zura bututu mai kyamara ta baki aka leƙa, za a iya ganinta. Akwai kuma mai watsuwa, wadda ba ta taruwa. Wannan ta biyu ita ake gada ta hanyar CDH1. Ƙwayoyinta suna bazuwa ne ƙarƙashin fatar cikin tumbi, sama kuwa sumul. Kamar dai gara a cikin azara: ka duba ka ga itace lafiyayye, alhali an cinye cikinsa. Kafin mai ita ya fara jin wani abu a jikinsa, sau da yawa bangon tumbin ya riga ya yi kauri ya sandare, ciwon ya tsallaka wasu sassan, kuma a wannan mataki magani bai cika yin tasiri ba. A cikin irin waɗannan dangogi, matsakaicin shekarun da ake gano ciwon 38 ne. Lokacin da mutum yake tsakiyar ƙarfinsa ke nan, 'ya'ya ƙanana, iyaye sun fara dogara da shi.

Yadda ake gadonsa ma ya bambanta da wanda muka fi sani. Mu nan mun san sikila, mun san sai uba da uwa duk suna ɗauke da ita sannan ɗa ya fito da cutar. Wannan ba haka yake ba. Mahaifi ɗaya ya isa, uwa ce ko uba. Duk ɗan da aka haifa yana tsakanin biyu daidai wa daida, ko ya gada ko bai gada ba, mace ko namiji. Sai a sami 'yan uwa shaƙiƙai sun je gwaji rana ɗaya, ɗaya ya fito da albishir, ɗaya ya fito da nauyin da zai ɗauka har ƙarshen rayuwarsa. Masu ba da shawara kan cututtukan gado sun sha faɗin cewa shi ma wanda ya kuɓuta ba ya samun cikakken farin ciki, yakan ji kamar ya bar ɗan uwansa a cikin ruwa ya haye. Kuma idan mace ce ta gada, akwai ƙarin haɗari na wata irin sankarar mama, wadda ita ma ba ta cika yin ƙullutu mai sauƙin ji a hannu ba. Kusan mace 4 cikin 10 masu ɗauke da ƙwayar sukan haɗu da ita a tsawon rayuwa.

To, an gano ƙwayar. Sai me? Ai sani ba magani ba ne. Ƙwayar magani babu, allura babu. Abin da ya rage shi ne a raba mutum da wurin da ciwon zai tsiro. A 2001 wasu likitoci ƙarƙashin David Huntsman na Kanada suka ba da rahoton mutum biyar masu ɗauke da ƙwayar, waɗanda aka cire musu tumbi alhali ba sa jin ciwon komai. Da aka yanka tumbin nan sala-sala aka duba a madubin likita, dukansu biyar aka sami sankara ta riga ta fara, 'yan mitsi-mitsi a ɓoye. Daga baya, da aka ci gaba da yin aikin a ƙasashe daban-daban, sai aka ga haka abin yake a mafi yawan waɗanda aka yi wa, wajen 9 cikin 10 idan an duba tumbin gaba ɗaya. A Amurka, wajen 2006, jaridu sun ba da labarin jikokin wata mata su 11 da duk suka amince aka cire musu. A Niyu Zilan kuwa, wanda ya fi fito da maganar fili shi ne mawaƙin nan Stan Walker, Bamaori, wanda ya lashe gasar waƙa ta Australian Idol a 2009. An cire masa tumbi a 2017 yana da shekara 26, ya kuma yarda aka ɗauki jinyarsa a fim aka nuna wa duniya a 2018, da ramarsa da wahalarsa duka. Ya warke, ya koma kan waƙarsa.

Mai sauraro zai ce, wai mutum yana rayuwa ba tumbi? Yana yi. Tun 1897 wani likitan fiɗa a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, Carl Schlatter, ya cire wa wata mata tumbi ɗungurungum ta kuma tashi. Yadda ake yi shi ne a ɗauko ƙaramin hanji a haɗa shi kai tsaye da bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro. Narkar da abinci dama yawancinsa a hanji ake yi. Tumbi ma'ajiya ce, shi ke tare abinci ya dama shi ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan.

Amma kada kowa ya ɗauka ƙaramin abu ne. Babbar tiyata ce. Ko a hannun ƙwararru a manyan asibitoci akan rasa rai, ko da yake bai cika kai 1 cikin 100 ba, kuma ɗinkin da aka yi yana iya yoyo ko ya tsuke. Wanda ya tashi lafiya, sabuwar rayuwa ce ke jiransa. Zai rame, yawanci ya zubar da kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyin jikinsa a watannin farko. Cin abinci sau uku ya ƙare, sai sau shida ko takwas, loma kaɗan-kaɗan, a tauna har ya zama ruwa. Ba a haɗa ci da sha, sai a ba da tazara. Idan ya yi gaggawa, ko ya kwankwaɗi abu mai zaƙi, abincin zai faɗa hanji gaba ɗaya, sai zufa ta karyo, zuciya ta riƙa bugawa, jiri ya ɗebe shi, wani lokaci har da gudawa. Da yawa ma sukan daina jin yunwa sam, domin sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ciki ya yi fayau yawancinsa daga tumbi yake fitowa, sai mutum ya koma cin abinci da agogo. Akwai sinadarin bitamin B12 da jiki ba ya iya tsotsarsa yadda ya kamata sai da taimakon tumbi, don haka sai an riƙa ba shi, galibi ta allura, har iyakar rayuwa; idan aka yi sakaci jini ya ƙare, jijiyoyi su lalace. Haka za a riƙa lura da sinadarin ƙarfe na jini da ƙarfin ƙashi.

Ka auna wannan da irin zamanmu, inda ake haɗuwa a kan tire ɗaya, inda mai gida ba ya jin daɗi sai baƙo ya ƙara. Ka auna shi da watan azumi. Musulmin da aka yi wa wannan aiki, tambayar farko da zai yi ke nan, kuma amsarta tana tsakaninsa da likitansa da malaminsa, domin shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. Amma rangwame daban, abin da zuciya ke ji idan aka kira magariba kowa ya kai hannu ga dabino daban. Duk da haka, yawancin waɗanda aka yi wa aikin sukan daidaita cikin shekara guda ko fiye kaɗan. Suna komawa bakin aiki, suna aure, matan suna ɗaukar ciki su haihu lafiya idan ana kula da abincinsu.

Mun saba cewa rigakafi ya fi magani, kuma gaskiya ne. Sai dai maganar tana da sauƙin faɗi idan rigakafin allura ce ko gidan sauro. Idan rigakafin shi ne a raba ka da wata gaɓa ta jikinka har abada, to dole ka tambaya: haɗarin nan da ake gudu, girmansa nawa ne?

Amsar ta yi ta sauyawa, kuma wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Wani babban bincike na 2015 ya kiyasta cewa cikin maza masu ɗauke da ƙwayar, kashi 70 cikin 100 za su kamu kafin shekara 80, mata kuwa kashi 56. Da irin wannan lissafi, ba a daɗe ana shawara. A 2019 wani binciken ya sauko da shi zuwa kashi 42 ga maza, 33 ga mata. A 2024 kuma masana na Cibiyar Sankara ta Ƙasa a Amurka suka wallafa a mujallar JAMA cewa haɗarin sankarar da ta yi nisa bai wuce kimanin kashi 10 ga maza ba, kashi 7 ga mata, amma yana haurawa zuwa wajen kashi 38 ga wanda makusantansa na jini uku suka kamu. Ba wai na farko sun yi ƙarya ba ne. Su sun yi lissafinsu ne a kan dangogin da mutuwa ta fi yi wa ɓarna, domin su aka fara gani. Da gwaji ya yi araha a can, aka riƙa samun masu ɗauke da ƙwayar waɗanda ba a taɓa jin ciwon a gidansu ba. Har ma aka fahimci cewa 'yan mitsi-mitsin nan da ake gani a madubi, da yawansu suna iya zama shekara da shekaru ba su motsa ba. Wanne ne zai motsa, yaushe kuma, shi ne abin da har yau kimiyya ba ta iya faɗa.

Saboda haka yanzu hanya biyu ce. Ƙa'idojin da ƙwararrun duniya suka fitar a 2020 sun ci gaba da ba da shawarar cire tumbi ga wanda ya gaji ƙwayar kuma akwai ciwon a danginsa, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 30. Wanda bai shirya ba, ko wanda tarihin gidansu bai yi muni ba, yana iya zaɓar sa ido: duk shekara a zura kyamara, a ɗebo 'yan tsoka wajen 30 daga sassa daban-daban na tumbin a duba. Wannan ma ba hutu ba ne. Duk shekara sai ka kwana da fargabar sakamako, kuma ka san ana iya dubawa a wuce.

Ra'ayina a nan a fili yake. Wanda ya ce a cire ba matsoraci ba ne, wanda ya ce a dakata ba mai ganganci ba ne. Matar da ta ga mahaifiyarta ta ƙare tana da shekara 35, ita kuma ga goyo a bayanta, idan ta ce ba za ta iya jira ba, wa ya isa ya ce ta yi gaggawa? Saurayin da ya ce a bar shi ya gama karatu, ya yi aure, ana duba shi duk shekara, shi ma yana da hujja. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa, ko likita ya tsorata shi da alƙaluman da ba na irin gidansu ba, ko dangi su ɓoye masa abin da ya kamata ya sani. Shi ya sa ƙwararru ba sa gaggawar gwada yara ƙanana, sukan bari sai mutum ya kai shekara 16 zuwa 18, ya iya cewa ina so in sani ko ba na so.

Na san akwai mai cewa, ai kwana idan ya ƙare ya ƙare, cire tumbi ba ya ƙara wa mutum ko daƙiƙa. Babu mai musun cewa rai a hannun Allah yake. Amma mun san abin da ya faru lokacin da Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko ƙaddarar Allah yake gudu, sai ya nuna cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Wanda ya kwanta a gadon tiyata yana addu'a bai fita daga tawakkali ba.

Yanzu bari in juyo gida, amma da taka-tsantsan, don kada wani ya kashe rediyo ya kwana da tsoro. Wannan nau'i na gado ba shi da yawa. A 2022 an kiyasta mutum kusan dubu 970 ne suka kamu da sankarar tumbi a duniya, kimanin dubu 660 suka rasu, amma wadda ake gada ta wannan hanya ba ta wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba. Babban mai laifi a yawancin sauran wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano alaƙarta da gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ita wannan tana da yawa ƙwarai a ƙasarmu. Wani likitan fiɗa ɗan Ingila da ya yi aiki a Maiduguri, Chris Holcombe, ya rubuta a 1992 cewa akasarin mutanen yankin suna ɗauke da ita tun suna yara. Tana bin gida ita ma, ta hanyar ruwa da abinci da cuɗanya, don haka ba duk ciwon ciki da ya yawaita a dangi ne na gado ba. Albishir ɗin shi ne ana gano ta da gwajin bahaya ko na numfashi, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kimanin mako biyu.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka mayar da duk wani ciwon ciki olsa. Mutum ya shekara uku yana zarya kemis, yana shan maganin ƙwannafi, yana ramewa, yana cin loma biyu ya ce ya ƙoshi, bahayansa ya koma baƙi, jini yana ƙarewa, amma ba wanda ya ce masa je a leƙa cikin nan. Alhali ana yin wannan leƙen a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri. Sai ya kwanta, sai mu ji sanarwa a wannan akwati da kuke sauraro: ya rasu bayan doguwar jinya, ko bayan gajeriyar rashin lafiya. Shi ke nan. An rufe mamaci, an rufe sunan ciwonsa tare da shi. Katin asibiti ya ɓace a ƙarƙashin katifa, takardar sakamakon gwaji an ƙunshe ƙosai da ita.

Ba ina cewa a riƙa shelanta ciwon mamaci a rediyo ba ne. Sutura abu ne mai kyau, kuma ba kowa ne yake da haƙƙin sanin sirrin gidan wani ba. Amma 'ya'yansa fa? 'Yan uwansa na jini fa? Su suna da haƙƙi. Dangin can na Tauranga ba su da ɗakin bincike, ba su ƙera na'ura ba. Abin da suka kai wa masana shi ne sunayen matattunsu, da shekarunsu, da abin da ya kashe su. Ba don wannan ba, da jami'a ba ta da inda za ta fara. Har gwamnatin ƙasarsu ta shaida haka, domin Kyautar Kimiyya ta Firaminista ta 2023 an ba da ita ne ga tawagar da ta haɗa masanan jami'a da likitoci da su kansu 'yan dangin. Gwajin CDH1 ba abu ne da ake samu a kowane asibiti a nan ba, kuma cire tumbin mai lafiya a inda babu tabbacin kulawa ta tsawon rai ba shawara ce da za a ba kowa ba. Amma littafi da biro ba su fi ƙarfin kowane gida ba.

Na san abin da ke hana mu. Tsoron a ce gidan su wane akwai mugun ciwo, 'yan matan gidan su rasa masu nema. Tsoro ne na gaske, kuma ba mu kaɗai ke da irinsa ba. A Amurka sai da aka yi doka a 2008 da ta hana masu ɗaukar aiki da kamfanonin inshorar lafiya nuna wa mutum bambanci saboda abin da gwajin gado ya nuna. Amma mu tuna yadda aka fara da gwajin sikila kafin aure. Da can abin kunya ne, har faɗa ake yi idan dangin wani ɓangare suka nema. Yau ga shi ya zama ruwan dare, har Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, tare da wasu gwaje-gwajen. Wanda ya ɓoye wa 'yarsa tarihin gidansu don ta sami miji, ya hana ta abin da za ta faɗa wa likita ranar da ciki ya fara damunta tana da shekara talatin, likita kuma ya rubuta mata maganin olsa ya sallame ta, tun da bai ga dalilin zargin wani abu ba a mai irin shekarunta.

Ga abubuwan da ƙwararru suka ce idan an gan su a dangi, to a faɗa wa likita, ba don a firgita ba, don ya san inda zai sa ido. Idan mutum biyu ko fiye na jini ɗaya sun yi sankarar tumbi. Idan ko mutum ɗaya ne ya yi irin mai watsuwar nan bai kai shekara 50 ba. Idan a gida ɗaya an sami mai sankarar tumbi an kuma sami mai sankarar mama, musamman a ƙuruciya. Har ma da wani abin da ba kowa zai kawo a ransa ba: idan a dangin da ake wannan ciwo akwai waɗanda aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagaggen ganɗa, domin ƙwayar nan tana da hannu wajen haɗa fuskar jariri tun yana ciki. A lissafa ɓangaren uwa da na uba duka, kada a ce dangin uwa ba sa cikin ƙirga. A tambayi gwaggo da inna tun suna raye, domin su ne suka yi jinyar, su suka san wanda ya yi ta amai da wanda cikinsa ya kumbura. Idan an taɓa yi wa wani aiki an ɗebi tsoka an kai gwaji, a nemi takardar a adana, ko a ɗauke ta hoto a waya a tura wa 'yan uwa, domin a cikinta ne aka rubuta ko wane nau'i ne. Matan da aka tabbatar suna ɗauke da ƙwayar kuma, shawarar ita ce su fara gwajin mama duk shekara tun daga shekara 30.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.